Daga Legas Zuwa Salaga a Mota: Tambayoyi da Amsoshi Kan Tafiyar Bakin Teku da Ƙasar Gwanja

Fatakenmu sun san ƙasar Gwanja tun kafin a shata iyakokin da muke tsallakawa yau. Ta arewa suke bi, da jakuna da madugu, su yi watanni a hanya kafin su sauke kaya a Salaga. Mai mota a yau ta kudu zai bi: ya sauka Legas, ya kama gaɓar teku ta Benin da Togo, ya shiga Gana, ya ga tsofaffin garuruwan bakin ruwa, sannan ya juya arewa ta cikin gonakin koko har ya iso inda fataken nan suke yada zango. Ga tambayoyin da masu niyyar wannan tafiya suka fi yi.

Kwana nawa ya kamata in ware?

Mako biyu daga Legas zuwa Legas. In daga Kano ko Sakkwato za ka taso da mota, ƙara kwana biyu na zuwa da biyu na komawa.

Ga yadda nake ba da shawarar a raba su. Ranar farko ka tsallaka Seme ka kwana Kwatano ko Wida. Ta biyu ka ratsa Togo, ka shiga Gana ta Aflao, ka kwana Akra. Ka ba Akra yini guda cikakke. Rana ta huɗu ka nufi Cape Coast, ka yi kwana biyu tsakaninta da Elmina. Ta shida ka hau Kumasi, nan ma kwana biyu. Ta takwas ita ce doguwar rana, daga Kumasi zuwa Larabanga da gandun dajin Mole. Bayan kwana biyu a can sai Tamale, washegari ka je Salaga ka dawo. Ragowar kwana ukun na komawa ne.

Kada ka auna wannan tafiya da kilomita. Legas zuwa Akra bai kai kilomita 500 ba, wanda a hanyar Kano zuwa Maiduguri tafiyar yini ɗaya ce har da saura, amma a nan akwai iyakoki uku da cunkoson birane huɗu. Da hasken rana za ka auna. A bakin tekun nan rana tana faɗuwa wajen ƙarfe shida kusan duk shekara, kuma duhu ba ya jinkiri.

In mako ɗaya kawai gare ni fa?

To ka bar motarka a gida. Hau jirgi zuwa Akra, ka yi hayar mota da direbanta, ka zagaya Akra, Cape Coast, Elmina da Kumasi, ka dawo. Arewa ka bar ta sai wani jiƙon. Wanda ya cusa Mole da Salaga cikin kwana bakwai, kwalta kawai zai gani.

Me zai hana in bi ta Nijar da Burkina Faso, tunda nan ya fi kusa da mu?

Tsaro ne zai hana. Hanyar da ta taso daga Yamai ta ratsa gabashin Burkina Faso tana cikin yankin da 'yan bindiga suka addaba shekara da shekaru, haka ma dazukan arewacin Benin da ƙuryar arewacin Togo. Wannan ba wurin da za ka shiga da iyali don yawon buɗe ido ba ne. Abin takaici ne, domin kusan nan ce ainihin hanyar goro: daga Kano a tsallaka Kwara, a bi Bargu ta Nikki da Jugu, a wuce Sansanin Mango da Yandi, a faɗa Salaga. Allah Ya kawo zaman lafiya a sake bin ta. Kafin nan, kudu.

Waɗanne takardu zan riƙe?

Na jikinka: fasfo mai sauran wa'adi, da katin allurar rigakafin shawara, wannan mai ruwan ɗorawa. Kowane mutum a motar, har yara, ya kasance da nasa, kuma a yi allurar aƙalla kwana goma kafin tashi. Ɗan Najeriya ba ya buƙatar biza a Benin da Togo da Gana, yarjejeniyar ECOWAS ta ba shi damar zama har kwana 90. 'Yan'uwanmu na Nijar kuwa, tunda ƙasarsu ta fice daga ƙungiyar a watan Janairun 2025, su fara leƙa ofishin jakadanci su ji ƙa'idar da ake bi a lokacin tafiyarsu.

Na mota: takardun mallaka na asali, lasisin tuƙinka na gida da na ƙasa da ƙasa, da inshorar ECOWAS da ake kira Brown Card, wadda ita ce ke tsaya maka in ka yi wa wani ɓarna a ƙasar da ba taka ba. A kowace iyaka kwastan za su ba motar takardar izinin shiga na ɗan lokaci. Duba ranar ƙarewarta tun kana gaban tebur, ka tabbata ta rufe har ranar fitarka, sannan ka adana ta kamar kuɗi, domin sai da ita za ka fitar da motar. In motar ba da sunanka take ba, ka taho da takardar izini daga mai ita, wadda aka buga wa hatimin kotu ko na lauya.

Ka yi kwafin komai kashi uku. Na asali su zauna a jaka ɗaya da ba ta rabuwa da kai.

Wace irin mota ce za ta iya?

Daga Legas har Tamale kwalta ce, ƙaramar mota lafiyayya za ta kai. Amma mai ɗan tsayi daga ƙasa ta fi, saboda ramuka, da tuddan rage gudu da ke bakin kusan kowane ƙauye a Gana, da kuma hanyar Salaga. Ka fi son motar da kayan gyaranta ke ko'ina. Duk ƙasashen huɗu a dama ake tuƙi: Najeriya ta koma dama a 1972, Gana a 1974.

Mako guda kafin tashi ka kai ta wurin bakanikenka, ba ana gobe tafiya ba, don in an taɓa wani abu ya nuna halinsa tun kana gida. A juye baƙin mai, a duba birki da lagireto da fanbel da batir da fitilu. Taya ita ce ranka a wannan hanya, kada ka tafi da wadda ta sha faci. A bayan mota a sami safaya mai iska, jak, sufana, tukunyar kashe gobara, alamar nan mai kusurwa uku da ake kafawa in mota ta lalace, da akwatin agajin gaggawa. 'Yan sandan Gana suna tambayar waɗannan, kuma doka ce ta ba su dama.

Abu ɗaya da ba za ka ɗauka ba shi ne fetur a jarka. A bakin iyakar Najeriya fasa-ƙwauri sunansa.

Wane lokaci na shekara ya fi dacewa?

Daga Nuwamba zuwa Fabrairu. Kudancin Gana damina biyu gare shi: babba daga Afrilu zuwa Yuli, wadda ta fi tsanani a Yuni, sai ƙarama daga Satumba zuwa farkon Nuwamba. Arewa kuwa irin tamu ce, damina ɗaya. Da rani hanyoyin ƙasa sun bushe, giwayen Mole kuma suna taruwa a bakin tafki, ba sai an sha wahalar nemansu ba. Aibin lokacin shi ne hazon hunturu, da kuma tsadar masauki a Akra a ƙarshen Disamba, lokacin da baƙi daga Amurka da Turai ke cika garin.

Mai son ganin bukukuwan gargajiya sai ya haƙura da ruwan sama: Elmina na yin Bakatue a Talatar farko ta Yuli, Cape Coast na yin Fetu Afahye a Asabar ɗin farko ta Satumba.

Yaya tsallaka iyakokin yake?

Haƙuri yake so. Na farko Seme, inda tun 2018 jami'an Najeriya da na Benin suke aiki a harabar gini ɗaya. Na biyu Hilakonji, tsakanin Benin da Togo. Na uku Aflao, wanda ke manne da birnin Lome. A kowanne jeri ɗaya ne: jami'an lafiya su ga katin shawara, na shige da fice su buga hatimi, kwastan su yi aikin mota.

Ka iso da safe. Ka bar Legas da asuba, domin hanyar Badagiri cike take da cunkoso da shingayen bincike. Kana tsayawa samari za su yanyame ka, kowa na cewa zai taimaka maka da takardu. Fasfonka kada ya shiga hannun wanda ba ya cikin kaki kuma ba ya bayan tebur. Duk kuɗin da aka ce ka biya, ka tambayi na mene ne cikin ladabi, ka nemi rasit. Kafin ka tayar da mota, buɗe fasfon kowa ka ga hatimin shiga da idonka. Wanda ya wuce ba hatimi, a iyaka ta gaba zai gane kurensa.

Kana shiga Togo ka mayar da agogonka baya da awa ɗaya. Benin lokacinta ɗaya da Najeriya, Togo kuma ɗaya da Gana.

Benin da Togo, wucewa kawai zan yi?

Wida ta cancanci kwana. Kilomita 40 ce yamma da Kwatano, kuma tana cikin manyan tashoshin da aka yi jigilar bayi zuwa Burazil da tsibiran Karibiyan. Akwai hanya mai tsawon kilomita 4 daga tsakiyar gari zuwa bakin teku, wadda bayi suka taka a ɗaure, a ƙarshenta kuma ga ƙofar tunawa da aka gina a 1995. Ka taka ta da ƙafa da sanyin safiya. A Kwatano ka yi hattara da 'yan acaɓa masu rawayar riga, sun fi motocin yawa kuma ta ko'ina suke ɓullowa.

Togo siririya ce, gaɓarta kilomita hamsin da 'yan kai. In ba cunkoson tashar jiragen ruwan Lome ba, awa biyu ta isa. Ka tsaya ka ci abincin rana ka wuce. Faransanci ake yi a duka biyun, amma Kwatano da Lome kowanne yana da zangonsa, kana shiga za ka ji Hausa.

Me zan gani a Akra cikin yini ɗaya?

Da safe Jamestown, tsohuwar unguwar masunta mai hasumiyar fitilar jiragen ruwa, sai makwancin Kwame Nkrumah, wanda ya karɓo wa Gana 'yanci ranar 6 ga Maris, 1957. Azahar ta same ka a Babban Masallacin Ƙasa da ke Kanda, wanda aka buɗe a 2021, gini irin na masallatan Santambul. Da yamma ka shiga Nima ko Mamobi ko Sabon Zango. Hausar can tana da nata ɗanɗano, an yi shekaru fiye da ɗari ana gogayya da wasu harsuna, amma za ku fahimci juna sarai. Kada ka yi wa kowa gyaran Hausa, kai ne baƙo.

Motarka ka ajiye ta a masauki ranar nan, ka hau tasi. Kuma ranar fita zuwa Cape Coast ka tashi kafin gari ya waye, domin cunkoson Kasoa yana iya cinye maka hantsi gaba ɗaya.

Cape Coast da Elmina, ba ɗaya ya isa ba? Ai duk gidajen bayi ne.

Ka ga duka biyun. Kilomita 13 ne kacal tsakaninsu, kuma ba labari ɗaya suke bayarwa ba.

Na Elmina shi ne tsoho. Turawan Fotugal suka gina shi a 1482, shekara goma kafin Kolumbus ya isa nahiyar Amurka, kuma zinariya suka zo nema da farko. Turawan Holan suka ƙwace shi a 1637, suka miƙa wa Ingila a 1872. A tsakar gidan mata za a nuna maka barandar da gwamna ke tsayawa daga sama yana zaɓar wadda za a hawar masa da ita, da dunƙulen ƙarfen igwa da ake ɗaure ƙafar wadda ta ƙi. Ƙofar da ake fitar da mutane zuwa jirgi tsaga ce a bango, mutum ɗaya take ɗauka, shi ma sai ya karkata.

Na Cape Coast Turawan Suwidin suka fara kafa shi da katako a 1653, ya koma hannun Ingila bayan shekara goma sha ɗaya, daga nan kuma suka riƙa mulkin yankin har 1877 da aka mayar da hedikwata Akra. Kurkukun maza a ƙarƙashin ƙasa yake. Ana gangarawa ne ta wani rami mai santsi, haske na raguwa, iska na yin nauyi. Mai jagora zai ce ka dubi daɓen da kake takawa: ba dutsen asali ba ne, ƙazantar ɗaruruwan mutanen da aka cusa a ɗakin ce ta taru ta daskare tsawon shekaru. 'Yar taga ɗaya ce can sama kusa da rufi. A daidai saman wannan ɗaki Turawan suka yi ɗakin ibadarsu.

UNESCO ta sa waɗannan gine-gine cikin kayan tarihin duniya a 1979. Ka shiga da natsuwa, za ka tarar da baƙaƙen fata daga Amurka da Jamaika suna kuka a wurin, kakanninsu ne suka bi ta ƙofar. Ba wurin raha da ɗaukar hoton kai ba ne.

Bayan ka fito a Elmina, hau tudun da ƙaramin sansanin St. Jago yake, ka leƙo bakin kogin Benya: kwale-kwale ɗaruruwa masu fenti kala-kala da tutoci, mata na banda kifi, hayaƙi ya turnuƙe. In kana son ganin ana sauke kifi, kada ka zo ran Talata, masunta ba sa shiga teku ranar.

Zan iya shiga da yara?

Ɗan shekara goma zuwa sama, ƙwarai, amma ka fara yi masa bayani a mota. Ƙanana su tsaya a sama wurin igwogi tare da babba. Ladarsu tana dajin Kakum, kilomita 30 arewa da Cape Coast, inda aka ɗaura gadojin igiya guda bakwai daga itace zuwa itace, tsawonsu ya kai mita 350, ƙasa kuma na can wajen mita 30 a ƙarƙashinka. Gadar tana lilo, amma raga ta kai ƙirji. Ku isa da an buɗe, kafin motocin 'yan makaranta.

A yi wanka a teku?

A'a, sai a wurin da aka keɓe kuma akwai masu ceto. Ina roƙonku da wannan, musamman samari. Tekun nan tana da wata igiyar ruwa da ke ja ta ƙasa zuwa ciki, ko gwanin ninƙaya a kogi ba ya iya mata, kuma tana cin rayuka kowace shekara. Ruwa iya idon sawu ya ishe ku hoto. Kada a juya wa teku baya, kada a saki hannun yaro.

Akwai abin tsayawa tsakanin Cape Coast da Kumasi?

Wannan hanya ta kilomita 220 ita ce karkarar tafiyar, kuma kuskure ne a bi ta a guje. Ka fara tsayawa a Assin Manso, bakin rafin da bayin da aka koro daga arewa suke wankan ƙarshe kafin a kai su gaɓa. Ka riƙe sunan garin, zai dawo maka a Salaga.

Daga nan daji ne kore shar, ayaba da rogo da kwakwar manja. Daga Oktoba za ka ga koko shanye a kan tabarmin gora da aka ɗaga bisa sanduna a ƙofar gidaje, da wani tsami-tsami a iska. Tsaya ka yi sallama, manomi zai nuna maka. 'Ya'yan koko a jikin kututture suke fitowa, ba a reshe kaɗai ba. Ana fasa su, a tara ƙwayar a lulluɓe da ganyen ayaba kamar kwana shida ta ruɓa, sannan a shanya. Tetteh Quarshie ne ya kawo irin daga tsibirin Fernando Po a 1879, Gana kuma ta zama ɗaya daga cikin manyan masu noman sa a duniya.

Sannan ka roƙi a nuna maka itacen goro. Da yawanmu mun girma muna ganin goro a huhu, a ɗaurin aure da suna, ba mu taɓa ganin sa a cikin kwansonsa a kan uwa ba. Wannan itace ne ya sa kakanninmu suka yi ta taka ƙasa zuwa Gwanja.

In ran Asabar ce, ka ƙara awa ɗaya a lissafi. Ranar jana'iza ce a ƙasar Asante, za ka ga jama'a cikin baƙi da ja sun kafa rumfuna har bakin titi. Rage gudu, kada ka matsa ham.

Kumasi fa?

Fara da gidan tarihi na fadar Manhyia. Turawan Ingila suka gina gidan a 1925 don Sarki Prempeh na Ɗaya, bayan ya dawo daga zaman gudun hijirar dole a tsibirin Seychelles a 1924. A nan za ka ji yadda aka ƙone Kumasi a 1874, da yaƙin da Yaa Asantewaa ta jagoranta a 1900. Duk bayan mako shida, ran Lahadi, ana bikin Akwasidae, Asantehene, wato Sarkin Asante, Otumfuo Osei Tutu na Biyu, yana fitowa a yi masa gaisuwa. In kwanakinka za su iya dacewa da shi, ka juya jadawalin dominsa. Wanda ya san hawan sallah zai ji daɗin kwatanta sarauta da sarauta.

Kasuwar Kejetia a ƙafa ake shiga, da aljihu a tsare. Bonwire, ƙauyen masaƙan kente, yadin gargajiya mai launuka na mutanen Asante, bai kai awa ɗaya ba. Da dare ka tafi Aboabo ko Asawase ka ci tsire.

Mole da Larabanga sun kai a yi musu wannan doguwar tafiya?

Sun kai. Ka bar Kumasi da asuba. Bayan Techiman daji zai fara buɗewa, a Kintampo ka miƙe ƙafa a wurin da ruwa ke zubowa daga kan dutse, ka cika tanki. Kana tsallaka gadar Buipe sai ka ga kamar ka dawo gida: kaɗanya, ɗorawa, kuka, zabi na tsallaka titi. A mararrabar Fufulso za ka karya hagu zuwa Damongo.

Masallacin Larabanga ƙarami ne, na ƙasa, fari, da itatuwa tsattsaye a jikinsa irin ginin Timbuktu. Mutanen garin suna cewa tun 1421 yake. Ka ba da sadakarka ga masu kula da shi, ka sallaci raka'a biyu.

Mole ya fi murabba'in kilomita 4,500. Ana fita zagaye a ƙafa da sassafe ko da la'asar tare da ma'aikaci mai bindiga, kuma sai da rufaffen takalmi. Ganin giwa a ƙasa ɗaya da kai, ba gilashi tsakaninku, ya bambanta da duk abin da ka gani a gidan zu. Ka rufe tagar mota da ƙofar ɗaki, birai sun saba da kayan baƙi.

Me ya rage a Salaga? Na ji an ce ƙaramin gari ne yanzu.

Gaskiya ne. Wanda ke neman manyan gine-gine ba zai samu ba. Amma a ganina Bahaushe bai gama wannan tafiya ba sai ya taka Salaga.

A ƙarni na 19 nan ce babbar kasuwar da goron Asante ke haɗuwa da ayarin Hausa. Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari suna isowa da kanwa da tufafin Kano da jima, su sauka a gidan fatoma, su juya da goro. Malamai suka biyo fatake, garin ya zama wurin karatu. Alhaji Umaru, wanda aka haifa a Kano, ya zauna a nan kafin ya koma Kete Krachi inda ya rasu a 1934, ya bar waƙoƙi da rubuce-rubuce da Larabci da ajami. Yaƙin basasar sarautar Gwanja na 1892 ne ya tarwatsa garin, mutanensa suka bazu, zangunan da ka gani a Kumasi da Akra suka ƙaru da su.

Akwai ɗaya ɓangaren kuma, wanda ba ma yawan faɗa. Salaga babbar kasuwar bayi ce. Za a nuna maka filin da ake ɗaure su, da rijiyoyin da aka haƙa birjik a bayan gari inda ake yi musu wanka kafin ciniki, da sarƙoƙi da mari da aka adana. Wasu an kora su kudu, ta irin hanyar Assin Manso, wasu sun shiga ayarin da ya nufo ƙasar Hausa. Cikin masu saye da sayarwa har da mutanenmu. Shi ya sa nake son mutum ya ga Elmina ya kuma ga Salaga a tafiya ɗaya. Wanda ya tsaya a bakin teku kawai zai koma yana ganin aikin Turawa ne su kaɗai.

Daga Tamale kilomita 120 ne, hanyar ba duka take da kyau ba, ka tambayi direbobin tasha halin da take ciki kafin ka kama ta. Da isarka ka nemi a kai ka gaisuwa wurin Sarkin Zango ko limami, da ɗan goronka a hannu. Su za su haɗa ka da dattijon da ya san gari.

Nawa zan kashe?

Farashi yana sauyawa, don haka ga yadda za ka lissafa da kanka. Tafiyar duka, daga Legas zuwa Legas, kilomita 2,700 zuwa 3,000 ce. Motar da ke shan lita 10 a kilomita 100 za ta sha wajen lita 300, kuma mai ya fi tsada da zarar ka bar Najeriya. Ƙara kuɗin kwana goma sha uku a masauki, abinci, takardun iyaka shiga da fita, da kuɗin shiga wuraren tarihi, inda baƙo yake biyan fiye da ɗan ƙasa. Abin da ya fito, ɗora kashi ɗaya cikin biyar a kai don abin da ba a zata ba.

Sefa ake kashewa a Benin da Togo, sidi a Gana. Ka canji kaɗan a bakin iyaka, ragowar a shagon canji mai rajista cikin gari. Kada ka dogara da katin banki na naira. Kuɗin ma ka raba su wuri biyu ko uku.

Abinci da sallah da masauki?

Inda duk ka ga hasumiya, akwai zango kusa, akwai kuma abincin da ba sai ka yi tambaya ba: koko da ƙosai da safe, shinkafa da wake da rana, tuwo da miyar ayoyo da dare. A garuruwan gaɓa ana sayar da naman alade a fili, don haka a can ka tsaya kan kifi, ka gwada shi da kenke, tuwon masara mai tsami, da yaji. Ruwa na leda ko na gora. Sauro kuma bai san baƙo ba, ka tafi da gidan sauro da maganin shafawa.

Kai matafiyi ne, kana da rangwamen ƙasaru. Ka tsara Juma'a ta same ka a Akra ko Kumasi ko Tamale. Masaukin Mole da na Cape Coast a kama su tun kafin a taso, sauran ana samu a ranar. Tambaya ta farko ga kowane masauki: akwai wurin ajiye mota a cikin gida, da maigadi?

In dare ya yi mini a hanya?

Ka kwana a garin da ya same ka. Manyan motoci na lalacewa a tsakiyar titi ba fitila, ganye kawai ake zubawa a matsayin alama, ga masu tafiya a ƙafa cikin duhu. A Gana gudun cikin gari kilomita 50 ne a awa, na babbar hanya 90, kuma 'yan sanda suna da na'urar auna gudu. In an tsayar da kai, sauke gilashi, ka yi gaisuwa, ka miƙa takarda da hannun dama. In da hali ku zama direbobi biyu, ku riƙa karɓar juna duk bayan awa uku.

Ta ina zan dawo?

Daga Salaga akwai hanyar da ta gangara Makango, inda jirgin fito ke ɗaukar motoci ya tsallaka tafkin Volta zuwa Yeji, daga nan a miƙe Kumasi ta Atebubu da Mampong. Ta fi gajarta, kuma za ka ga tafkin da madatsar Akosombo ta haifar a shekarun 1960, wanda ya haɗiye garuruwa da dama har da tsohuwar Kete Krachi. Sai dai jirgin ba ya tashi sau da yawa a yini, in ka rasa shi kwana ya kama ka. Mai ƙarancin lokaci ya koma ta Tamale: yini ɗaya zuwa Kumasi, washegari ya bi ta Nkawkaw ya wuce Akra ya kwana kusa da iyaka, a Sogakope ko Keta, don ya kasance cikin na farko a layin Aflao da safe. A Keta akwai ragowar sansanin Prinzenstein da Turawan Denmak suka gina a 1784, teku ta riga ta cinye wani sashe nasa. Kafin ka bar Gana ka kashe ko ka canjar da ragowar sidinka, ka miƙa wa kwastan takardar izinin mota a soke ta a gabanka, sannan ka tabbata an buga maka hatimin fita.